Gwiwar da na ɓoye wa kowa

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunana. "Wancan" take ce mini, ranar da take cikin fara'a kuwa ta ce "yaron nan". Sau ɗaya tak aka ji sunan ya fita daga bakinta, kuma ranar ban san inda kaina yake ba, ƙanwata ce ta ba ni labari daga baya. Zan zo wurin.

An haife ni a unguwar Bagalam cikin Maradi a 1986. Baba dakon buhu yake yi a kasuwa, amma da ƙuruciya ya taɓa kokawa a ƙauyensu, can wajen Madarumfa, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Duk daren da ya samu masu saurare sai ya kawo zancen Kantu, ɗan Maradin da ya ɗauki takobin farko na gasar kokawar ƙasa a Tawa a 1975, wanda filin kokawar garinmu ke ɗauke da sunansa. Tun ina shekara 6 yake jefa ni cikin yashin Gulbi da rani, ya haɗa ni da yaran da suka girme ni. Ƙarami ne ni, ba ƙiba ba tsawo. Abu ɗaya ya koya mini: in babba ya zo maka daga sama, ka bi ta ƙasa, ka ɗauke masa ƙafa.

Judo kuwa haɗuwa muka yi da ita a hanya. A 1998, ina dawowa daga lakwal, na ji ana buga wani abu tim, tim, cikin wani zaure a gidan matasa. Na leƙa ta taga. Yara ne wajen goma sanye da fararen riguna masu kauri, suna faɗuwa da baya suna marin ƙasa da hannu, su tashi su sake faɗuwa, ba wanda ya ture su. Na yi dariya har malaminsu ya jiyo ni. Tsohon soja ne, Metir ake ce masa. Ya ce in shigo in gwada abin da nake wa dariya. Faɗuwa ɗaya na yi, ƙeyata ta daki ƙasa, na ga wuta. Wata uku na yi ba a koya mini kayar da kowa ba, faɗuwar nan kawai, ukemi suke kiranta.

Tatamin namu, wato shimfiɗar da ake wasan a kai, buhunan ɓawon gyaɗa ne aka jera aka lulluɓe da tampol. Da zafi ya yi sai tampol ɗin ya riƙa ƙona tafin ƙafa, ƙaiƙayi kuma ya bi mutum har gida. Kimono, wato rigar wasan, uku ne a zauren gaba ɗaya, in wani ya cire da guminsa kai ka sa. Metir ya rataye hoton wani tsoho mai gashin baki a bango, ya ce Jigoro Kano ke nan, wanda ya kafa wasan a Tokiyo a 1882. Na fi shekara ina zaton Bakano ne da ya yi ƙaura, kuma ba ni kaɗai ba.

Baba bai so abin ba. Ya ce wace irin kokawa ce ba kalangu, ba kirari, ba laya, kuma ka kayar da mutum a ce maka ba a gama ba, sai ka danne shi daƙiƙa 25 ko ka shaƙe shi da kwalar rigarsa? Amma ranar da ya zo kallo ya ga na sunkuya na kwashe ƙafafun wani ɗan kwaleji da ya fi ni da kilo goma, na dasa bayansa a tampol, alƙali ya ɗaga hannu sama ya ce ipon, wato na ci wasan kai tsaye, sai ya koma kasuwa yana gaya wa abokansa cewa Japanawa ma kwasar ƙafa suke yi, shi ya koya wa ɗansa. Gaskiyarsa ce. Wancan lokacin dokar judo ta yarda a kama ƙafa da hannu, kuma da wannan na yi suna.

A Disamban 2005 Yamai ta karɓi wasannin ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Ba na cikin masu wasa, an dai kira mu ne don 'yan tawagar ƙasa su samu waɗanda za su riƙa jefarwa a atisaye. Kilomita fiye da 600 muka yi cikin mota, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Shekarar ce ta yunwa, wadda ta cika cibiyoyin tamowa na jiharmu da yara, gidanmu ma sau ɗaya ake ɗora tukunya. Na iske kaina a wurin da ake ba mu abinci sau uku har da nama. Kunya ta hana ni jin daɗinsa. A nan na fara taka tatami na gaskiya, na ga 'yan Faransa da 'yan Tunisiya suna ɗumama jiki, kowanne da kimono biyu, fari da shuɗi, da likitansa a gefe yana naɗa masa yatsu. Abin da na ɗauko daga tafiyar nan shi ne jika 40 da aka ba mu na guziri. Na sayi hatsi na kai gida. Daga ranar judo ta tashi daga wasa a idon mutanen gidanmu, ta zama sana'a.

Bayan shekara biyu na samu baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa a judo, na shiga tawagar ƙasa a ajin kilo 66. Ina so mai karatu ya fahimci yadda abin yake, don mutane na jin "ɗan wasan ƙasa" su zaci albashi. Babu albashi. In akwai tafiya, akwai guziri, in ba tafiya, ka koma abin da kake yi. Ni faci nake taya wani yi a bakin tasha. A kowane aji kuma mutum ɗaya ake ɗauka mafi yawan lokaci, saboda kuɗin jirgi. Kana gaba, akwai mutum biyu ko uku a bayanka suna jiran ka yi tuntuɓe. Ba mugunta ba ce, ni ma haka na jira wanda na gada.

Nauyina na Allah da Annabi kilo 71 ne zuwa 72. Ajin kilo 73 akwai mai shi, kuma ya fi ni. Saboda haka kafin kowace gasa sai na zubar da kilo biyar ko shida cikin kwana goma. Na kan yanka ledar shara in sa ta kamar singileti, in ɗora rigar sanyi biyu, in yi gudu da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da ko jaki inuwa yake nema. Kwana biyun ƙarshe ba ruwa, sai dai in kurkure baki in tofar. Ina tauna cingam ina tofa miyau cikin gwangwanin tumatir, in ɗaga shi in kimanta ko ya kai giram 200. A lokacin da safiyar ranar wasa ake hawa sikeli, ka sauka ka samu sa'o'i kaɗan ka ɗura ruwa da ayaba, ka shiga fili da ƙafafu kamar na aro. Inna ta taɓa ganina cikin wannan hali, leɓe ya tsage, ido ya faɗa, ta ce wa ƙanwata: "Ku tambayi wancan, azumin wa yake ramawa?"

Na yi tafiye-tafiye. Wagadugu, Kwatano, Abijan, mafi yawa a mota. Na ci wasu, an ci ni a wasu. 'Yan Afirka ta Arewa, wato Aljeriya da Masar da Tunisiya da Maroko, sun yi mana nisa ƙwarai, su kullum suna sansani a Turai, mu muna kan ɓawon gyaɗa. Amma ba sa son haɗuwa da ni, don ba su san ta inda zan ɓullo ba.

Sai 2010 ta zo. Hukumar judo ta duniya ta ce daga yanzu wanda ya fara kai hari da kama ƙafa da hannu an kore shi daga wasan nan take. An bar ƙofa kaɗan ga mai mayar da hari, ita ma a 2013 aka rufe ta. Wasu mutane sun zauna a wani ɗaki da ban taɓa gani ba, sun soke abin da na shekara 12 ina wasawa. Har yau ina ganin an cuci irinmu da muka fito daga kokawa, ko da yake na ji hujjarsu, wai wasan ya koma na sunkuye ba kyan kallo. A gasar Afirka ta Yawunde a 2010, hannuna ya riƙa tafiya ƙasa da kansa ina janyo shi, ina cikin wannan kokawa da kaina aka jefar da ni.

Dole na koyi sabon makami ina shekara 24. Na zaɓi sewoyi-nage, jifan da ake juyawa a ba abokin karawa baya, a durƙusa, a ɗauko shi ta kan kafaɗa. Jifa ne mai cin gwiwa. Sau ɗari biyu, ɗari uku nake shigarsa a rana.

Saura mako uku a tafi gasar Afirka ta Dakar, watan Afrilun 2011, muna randori, wato karawar atisaye, da yamma a sansani, na juya, tafin ƙafata ta dama ya maƙale a tsakanin tatami biyu, jikina ya wuce ƙafar ba ta bi ba. Na ji ƙas, kamar an karya karan dawa busasshe. Abokin karawata ma ya ji, don ya sake ni ya ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau, tsoka ce. Na tashi na gyara ɗamara na rusuna masa. Kafin isha gwiwar ta yi kamar ƙwarya.

Daren nan ban yi barci ba, kuma zafin ciwon bai kai na lissafi ba. An sa aurena bayan damina, kayan lefe ko rabi ban haɗa ba. Baba bayansa ya fara ƙin buhu. Maki na zuwa wasannin Olamfik na Landan a irin waɗannan gasa ake tara shi, kuma na san in na ce gwiwa, gobe da safe za a rubuta sunan wani a takardar jirgi, wanda kuwa ya hau ba ya sauka. Akwai likitan da ke leƙo mu, ɗakinsa bai fi taku talatin daga nawa ba. Na tashi har sau biyu zan je in ƙwanƙwasa, na koma na kwanta. Babu wanda ya ce in yi shiru. Ni na zaɓa.

Na nemi izinin kwana biyu, na ce Baba ba lafiya, na je wurin wani maɗori. Ya murza, ya ja, ya shafa man shanu da wani baƙin magani, ya ce targaɗe ne. Ba laifinsa, ƙashi ya sani, kuma ƙashina lafiya yake. A tasha, ina jiran mota ina ɗingishi, wani ɗan kabu-kabu da muka yi lakwal tare ya ce, "Kai da kake da wasa a gaba, me ya hana ka shan tramol?" Ya kira wani yaro mai tallan magani a faranti. Ƙwaya biyu na haɗiya da ruwan leda. Kafin mu kai Gidan Rumji ciwon ya yi nisa, kamar a jikin wani yake, zuciyata ta yi wasai, na ji zan iya ɗaukar motar. Na bincika a wayance, aka ce mini ba ya cikin magungunan da aka haramta wa 'yan wasa. Gaskiya ne a lokacin, sai a farkon 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Da wannan na rufe bakin zuciyata.

Wandon kimono yana da faɗi. Na naɗe gwiwar da bandeji da robar tayar keke, ba wanda ya gani. A atisaye na riƙa zaɓen yara marasa nauyi, in Metir na tawaga ya juyo in yi tsalle-tsalle.

A Dakar na hau sikeli, 65.8. Na sha ƙwaya uku a bayan gida. Aka kira ni da wani dogo daga Arewa, ni fari shi shuɗi. Alƙali ya ce hajime, wato a fara. Minti biyar ne wasan maza a lokacin, ban ci ko ɗaya cikakke ba. Ya kama hannun rigata, ya ja ni dama, na taka da ƙafar, sai na ji ƙaurina ya zame gaba cinyata ta tsaya, kamar ƙofar da ƙusarta ta fita. Bai ma jefa ni da ƙarfi ba, shafar ƙafa ya yi. Ina kwance ina kallon fitilun rufi, abin da ya fi damuna shi ne ban ji zafi ba. Na so in tashi in rusuna, ƙafar ta ƙi. Mutum biyu suka ɗauke ni. Likitan wurin ya ɗage wandon, ya ga robar keke, ya dube ni ya yi shiru. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na dawo Maradi da guzirin da na sayar da gwiwata dominsa. Aka yi auren. Da kumburin ya sauka na karɓi babur na wani alhaji ina kabu-kabu, ina kawo masa balas kullum, ina gaya wa mutane hutu nake yi zan koma. Tramol kuwa bai bar ni ba. Da farko don gwiwa nake sha, daga baya don in iya tashi da safe, daga baya don kada in ji sanyin nan da ke shiga ƙashi in ya sake ni. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, likitoci kuma ba sa wuce 400 a yini. Na faranti 200 ne, akwai 225. Na kai ina jefa huɗu cikin kofin shayi da safe a fada, in ƙara da la'asar. Na rame har na sauka ƙasa da kilo 60 ba tare da ledar shara ba. Amaryata ta yi ta tambaya, ina ce mata gajiya ce. Na daina bi ta layin gidan matasa don kada in haɗu da Metir.

Wata ranar kasuwa a 2013, na ɗauko wata dattijuwa da kwandon tattasai, muna gab da babbar kasuwa, abin da na sani ke nan. An ce na sandare a kan babur, muka faɗi, na riƙa shure-shure kumfa na fita, na ciji harshe. Allah ya sa dattijuwar gurjewa kawai ta yi. Aka kwaso ni a amalanke zuwa gida don an san ni a unguwa. A zaure abin ya sake tasowa. A nan ne, in ji ƙanwata, Inna ta fito ba mayafi, ta faɗa kaina tana kiran sunana, sunan yanka, sau uku, da ƙarfi, a gaban maza. Matar da ta shekara 27 tana kauce masa.

Aka ce iskoki ne, aka ce sammu ne na abokan wasa. Aka kawo malami ya yi ruƙiyya, na sha rubutu, ina kwance ina jin su, na san sarai abin da ke damuna, na sake yin shiru. Wani ɗan ƙanen Baba da ke aikin jinya ne ya zo dubiya, ya kore kowa daga ɗakin, ya sa hannu a aljihun wandona da ke rataye ya zaro sashe biyu. Ya ce, "Yaya, wannan ne aljanin. In ya yi yawa farfaɗiya yake sawa. Kai za ka faɗa musu ko ni?"

Na faɗa musu da bakina. Baba bai ce komai ba, ya tashi ya ɗauki buta. Inna ta koma "wancan".

Barin tramol ya fi kowace rage ƙiba wuya. Ɗan'uwan nan ya kai ni wurin likita, aka riƙa rage mini a hankali, don an ce yankewa lokaci ɗaya na da haɗari. Duk da haka na yi makonni ina zufa ina rawar sanyi, ga zawo, ga hamma, ƙafafu ba sa tsayawa wuri ɗaya da dare. Matata ta riƙe makullin ɗaki da kuɗin cefane. Sau biyu na koma, na biyun har na sayar da kimonona shuɗi. Ba na son in yi wa kowa ƙarya cewa rana ɗaya na tuba na warke, ya fi shekara.

Da na ɗan samu kaina aka haɗa mini kuɗi na bi ta Dan Isa da Jibiya na je Kano aka yi hoton gwiwar. Likitan ya nuna mini a allo: jijiyar da ke gicciye a tsakiyar gwiwa, mai hana ƙauri zamewa gaba, ta tsinke tun ranar farko, gurunguntsin da ke tsakanin ƙasusuwan kuma ya yage daga baya, wataƙila a Dakar, sauran kuma kan babur. Ya ce da an yi aiki tun farko, da wata tara zuwa shekara na koma fili. Yanzu ko an yi, tafiya kawai za a gyara. Na tambayi kuɗin, na yi godiya, na kamo hanyar gida. Har yau ba a yi aikin ba. In sanyin hunturu ya shigo a zaune nake sallah.

Metir ne ya zo da kansa, ya tsufa, yana dogara sanda. Na durƙusa iyakar yadda ƙafar ta yarda na gaishe shi. Ya ce, "Na ji duka. Abu ɗaya nake so in sani. Ranar da ta tsinke, me ya sa ba ka kira ni ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tsoro na ji kada a cire ni." Ya ce, "Da an cire ka." Ya ɗan yi shiru. "Da kuma ka dawo." Sannan ya ce yara sun yi masa yawa, bayansa ba ya sunkuyawa, in zo ran Laraba da Asabar.

A 2016 muna fada aka nuna Alfaga a telebijin ya ɗauko azurfa a taikwando a Riyo, lambar Olamfik ta biyu a tarihin Nijar bayan tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972. Gari ya ɗauki ihu, babura na ta hon. Na yi murna da gaske, sannan na zagaya bayan shago na yi kukan da ban yi a Dakar ba.

Yanzu ina sayar da hatsi a rumfar da Baba ya yi wa dako. Zauren na hannuna tun rasuwar Metir, yara 30 da 'yan kai, bakwai mata. Mun samu tatami na gaske guda 12 da wani tsohon ɗalibi ya aiko, sauran filin har yanzu buhu ne. Sikeli yana cikin akwati a kulle, ba na barin yaron da bai kai 18 ba ya rage ko kilo ɗaya.

Makon jiya akwai wani yaro ɗan shekara 15, mafi kyau a cikinsu, an sa shi cikin masu zuwa gasa Yamai. Na lura yana sauke ƙafar hagu a hankali in ya zaci ba na kallo, in na juyo ya yi tsalle-tsalle. Na ce mate, wato a dakata, kowa ya tsaya. Na ce ya ɗage wandonsa. Ya ce, "Metir, lafiya lau, tsoka ce." Na ce ya ɗage. Tsumman atamfa ne ya naɗa, ya ɗaure da igiyar takalmi. Na cire sunansa a gabansa, ya yi ta kuka yana cewa na tsane shi, babansa ya riga ya gaya wa mutane. Bayan magariba na ɗauke shi a babur muka je gidansu. Uban ya fito da fushi, na gaishe shi, na roƙi tabarma. Da muka zauna na naɗe ƙafar wandona ta dama har cinya, na kama ƙaurin da hannu biyu na ja shi gaba, ya zamo kamar aljihun tebur, na ce, "Alhaji, taɓa ka ji."